Lu'ulu'un ruwan daɗi a akwatin lefe: mene ne shi, kuma me ya raba shi da gwal?

A wani gida a Bauchi, ranar da aka kawo lefe, an shimfiɗa tabarmi a tsakar gida ana buɗe akwatuna ɗaya bayan ɗaya. Atamfa ta wuce, leshi ya wuce, aka zo kan ƙaramin akwatin sarƙoƙi. A ciki akwai wata farar sarƙa mai duwatsu kamar ƙwayar gujjiya, da 'yan kunnenta. Ɗaya daga cikin dangin ango ta ce, "Wannan lu'ulu'u ne, orijinal, na ruwan daɗi." Gwaggon amarya ta ɗauka ta jinjina a tafin hannu, ta ce, "Hajiya, giram nawa ne?" Aka ce mata ba da giram aka saye shi ba. Ta sake cewa, "To in yarinyar ta matsu wata rana, wa zai saya?" Nan aka yi shiru, aka wuce kan takalma.

Tambayoyin nan biyu su ne ke damun mata da yawa a Bauchi da Gombe tun da wannan kaya ya fara yawa a WhatsApp da Instagram da TikTok, da kuma cikin tsarabar masu dawowa daga Dubai da Saudiyya da ƙasar Sin. Wata za ta sa sarƙa a kuɗin da bai wuce na atamfa ɗaya ba, wata ta sa mai kama da ita a kuɗin da zai sayi saniya, kuma kowacce ta rantse tata ce ta gaske. Abin da ke ƙara ruɗa mai saye shi ne, mai yiwuwa dukansu biyu gaskiya suka faɗa.

Suna ɗaya, kaya huɗu

Ruɗanin daga bakinmu ya fara. Kalmar lu'ulu'u daga Larabci ta zo, kuma asalin ma'anarta ita ce ƙwayar da ake samu a cikin kawa, wato halittar ruwa mai ɓawo biyu da ke buɗewa kamar faifai a kan ƙwarya. Ita ce Alƙur'ani ya ambata tare da murjani a Suratur Rahman. Amma a Hausar rediyo da jarida, in aka ce lu'ulu'u sau da yawa daimon ake nufi, dutsen da ake haƙowa a ƙasa a Botswana da Saliyo da Angola. Ba su haɗa komai ba. Daimon ya fi kowane dutse tauri, yana kan lamba 10 a ma'aunin taurin duwatsu, shi kuwa na cikin kawa yana tsakanin 2.5 da 4.5, tsinin wuƙa ma zai karce shi. Mai sayen da ta ji an ce lu'ulu'u ta ɗauko darajar daimon ta ɗora wa sarƙar, to tun daga nan lissafinta ya karkace.

In aka ajiye daimon gefe, saura uku. Akwai wanda ya samu da kansa, ba hannun mutum: wani abu ya shige jikin kawa, ko tantanin jikinta ya ji rauni, sai ta yi ta lulluɓe wurin har ya zama ƙwaya. Wannan yana da wuyar samu ƙwarai, kuma yau akasarinsa a tsofaffin kayan gado da wuraren gwanjo na ƙasashen waje yake. Akwai na kiwo, wanda mutum ne ya tsokani kawar da hannunsa, ita kuma ta yi sauran aikin. Kusan duk abin da ke kasuwar duniya yau irin wannan ne. Sai na kwaikwayo, wanda bai taɓa shiga cikin kawa ba: gilashi ne ko roba ko niƙaƙƙen ɓawo da aka dunƙula, aka shafe shi da fenti mai ƙyalli. Wani na kwaikwayon ma yana da tsada da suna, kamar na kamfanin Majorica na Sifaniya, kuma su ba sa ɓoye cewa a masana'anta suke yin sa.

Na kiwon shi ma kashi biyu ne, gwargwadon ruwan da kawar ke ciki. Na ruwan gishiri ya haɗa da Akoya na Japan, da baƙin nan na tsibiran Tahiti, da manyan farare da masu ruwan zinare na Ostireliya da Indonesiya da Filifin. Na ruwan daɗi kuwa a tafki da kududdufi ake kiwonsa, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 daga Sin yake fitowa. Shi ne wanda ya iso akwatunan lefenmu.

Yadda ake kiwonsa

Abin da ke ba lu'ulu'u kyau shi ne wani ruwa da kawa ke fitarwa yana daskarewa hawa-hawa, irin wanda ke sa cikin ɓawonta sheƙi. Bari mu kira shi shafe. Sinadarinsa dangin alli ne, ɗaya da na ɓawon ƙwai da na dutsen da ake haƙa a Ashaka don yin siminti, sai dai a nan ya jeru sirara-sirara kamar tubali, da wani abu mai kama da ƙaro da ke riƙe su. Haske yana ratsa waɗannan hawa yana dawowa, shi ya sa ƙyallin yake kamar daga ciki yake tasowa.

A gonakin Sin, ma'aikaci yakan ɗauko kawa 'yar shekara ɗaya ko ƙasa da haka, ya ɗan buɗe bakinta ya tokare. Gefensa akwai wata kawar da aka yanka, aka fere tantanin jikinta ƙanana-ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. Da ɗan tsinke yake huda tantanin mai ran, ya cusa yanki ɗaya, ya matsa gaba ya sake. Kawa ɗaya takan ɗauki dashe 24 zuwa 32, rabi a kowane gefe. Daga nan a zuba su a raga, a rataya cikin ruwa a jikin robobin lemo da ke yawo a saman tafkin layi-layi. Sai jira, daga shekara biyu har zuwa shida ko bakwai. Ranar girbi a fasa kawar, a tatso ƙwayoyin da yatsa.

A teku ba haka ake yi ba. Can ana sa ɗan dunƙulen ɓawo da aka goge ya zama kamar ƙwallo, tare da yankin tantani, kuma kawa ɗaya ƙwaya ɗaya ko biyu take bayarwa. Wannan bambanci shi ne tushen kusan komai. Shi ya sa na ruwan daɗi ya fi araha nesa ba kusa ba, tunda kawa ɗaya tana yin aikin ashirin. Shi ya sa kuma da wuya a same shi a mulmule sarai, don babu ƙwallon da zai bi siffarsa: wani kamar dankali, wani kamar shinkafa, wani kamar maɓalli. Amma akwai abin da ya fi na teku da shi, wanda masu raina shi ba sa faɗa. Tunda babu dunƙule a ciki, in aka raba shi biyu shafe ne tun daga baya har tsakiya, alhali wani Akoyan shafensa bai kai kaurin milimita ɗaya ba a kan dunƙulen. Sarƙar ruwan daɗi ta fi jure yau da gobe.

A 'yan shekarun nan manoman Sin sun koyi sa dunƙule a kawar ruwan daɗi ma, ƙwaya ɗaya a kowace kawa. Su ne manyan nan da ake tallatawa da sunan Edison, masu kai milimita 12 ko fiye, waɗanda ido bai cika raba su da na Ostireliya ba.

Daga Baharain zuwa Japan, daga Japan zuwa Sin

Shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, lu'ulu'u kayan sarakuna ne da manyan attajirai. Arzikin Baharain da Kuwait da Ƙatar da Dubai kafin fetur a kansa ya dogara. Dubban maza ke shiga jiragen ruwa da zafi su yi watanni suna nutso, ba tukunyar iska, da ɗan abin matse hanci da dutse a ƙafa. A 1917 kamfanin kayan ado na Cartier ya karɓi wani katafaren gida a birnin New York a musayar sarƙar lu'ulu'u mai layi biyu da aka yi wa kuɗi dala miliyan ɗaya.

A daidai wannan lokacin Japanawa na gab da rushe kasuwar. Kokichi Mikimoto ya samu nasarar fitar da rabin ƙwaya a 1893, sannan Tatsuhei Mise da Tokichi Nishikawa suka gano hanyar samun mulmulalle. Da na kiwo ya shiga kasuwannin Turai, dillalai suka ce jabu ne, rigima ta kai kotu a Faransa a 1924, kuma ba su yi nasara ba. Karyewar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta ƙarasa sauran. Garuruwan gaɓar tekun Fasha suka shiga talauci, sai da aka samu fetur a Baharain a 1932 suka fara farfaɗowa. Waccan sarƙa ta Cartier da aka yi gwanjonta a 1957, kusan dala 150,000 ta yi. Gidan kuwa yana nan har yau, shagon kamfanin ne.

Kiwon na ruwan daɗi a Tafkin Biwa na Japan ya bunƙasa, har sunan Biwa ya zama kamar sunan kayan gaba ɗaya. Gurɓacewar ruwan tafkin ta kashe sana'ar wajen shekarun 1980. Sin ta karɓa. Da farko abin da take fitarwa ƙanana ne masu tamoji, waɗanda 'yan kasuwar Turai suka raina. A shekarun 1990 manoma suka koma wata kawa mai ɓawo kamar alwatika, suka rage yawan dashe, suka ƙara shekarun jira, kaya ya gyaru. Yau cibiyar cinikin ita ce garin Shanxiahu da ke yankin Zhuji a lardin Zhejiang. Ko a Dubai aka sayi sarƙar, ko a Jidda, ko a Hyderabad ta Indiya, galibi ta can ƙwayoyin suka bi.

Me ya sa farashi ya yi hannun riga haka

Daga kawa ɗaya za a fitar da ƙwayoyi ashirin da wani abu, kuma babu biyu da suka yi daidai. A girbin tafki guda, kaɗan ne ƙwarai ke fitowa a mulmule, fes, masu sheƙi. Mafi yawa matsakaita ne, ana sayar da su a kilo. Na ƙasa kuwa niƙa su ake yi a zuba a man shafawa da magani. Dukansu sunansu lu'ulu'un ruwan daɗi na gaske. Saboda haka kalmar orijinal ba ta gaya wa mai saye komai game da abin da ya kamata ta biya.

Cibiyar nazarin duwatsun ado ta Amurka, GIA, abubuwa bakwai take dubawa: girma, siffa, launi, sheƙi, tsabtar fata, ingancin shafe, da yadda ƙwayoyin sarƙa suka dace da juna. A cikinsu sheƙi ne sarki. Gwajinsa ba ya buƙatar na'ura. A fito da sarƙar daga ƙarƙashin fitilar shago, a kai ta inuwa kusa da ƙofa, a ɗora a kan farin ƙyalle, a sunkuya a duba ƙwaya ɗaya. A mai kyau mutum zai ga inuwar kansa da siffar ƙofar a fili, kamar a bayan cokali sabo. A mara kyau fari ne kawai ya dushe kamar alli. Girma kuma da milimita ake auna shi, kuma kuɗin ba ya tafiya daidai da girman: tsakanin 7 da 10 tazarar kuɗi ta ninka tazarar girma sau da yawa, don manyan sun fi ɗaukar shekaru kuma sun fi ƙaranci.

Haruffan nan da ake rubutawa a talla, A uku ko A biyar, ba wata hukuma ce ta ƙayyade su ba. Kowane dillali da nasa ma'aunin, kuma A biyar ɗin wani bai kai A biyun wani ba.

Sai launi. Abin da kawar ruwan daɗi ke bayarwa da kanta shi ne fari, da ruwan madara, da ruwan hoda, da wani shuɗi-shuɗi mai ja kamar furen albasa. Baƙi wuluk, ko kore shar, ko ja, ko ruwan gwal mai kauri, rini ne ko an gasa shi da haske na musamman. Farin ma kusan duka an wanke shi da sinadari don launin ya daidaita, kuma wannan abu ne da aka saba a sana'ar. Rini ba laifi ba ne in an faɗa. Inda matsala take shi ne a rina na ruwan daɗi a sayar da shi da sunan na Tahiti.

Akwai kuma dalilan da suka taso daga waje. Manoman Sin sun daɗe suna zuba kashin kaji da na agwagi a tafkuna don gansakukar da kawa ke ci ta yawaita, ruwa ya yi ta lalacewa. Hukumomi suka shiga hana kiwo a tafkuna da dama, ciki har da na Zhuji kanta, abin da ake girbewa ya ragu, manoma suka karkata ga kaɗan mai kyau. A 2023 matasan Sin suka yi wa kayan rubdugu ta hanyar tallan kai tsaye a intanet, farashi ya yi tashin gwauron zabo. A shekarar ce kuma, a watan Yuni, aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. 'Yar kasuwar Gombe da ke saro kaya da dala ko kuɗin Sin ta sha duka biyu a lokaci guda.

Na gaske ne ko ba na gaske ba?

A nan ra'ayi ya rabu, kuma kowane ɓangare da hujjarsa. Masu tsaurarawa na cewa abin da mutum ya dasa da hannunsa, ya girbe da buhu, bai cancanci sunan da aka san shi da shi tun zamanin da ba. Baharain a kan wannan take: ta hana cinikin na kiwo a ƙasarta, ta kafa cibiyar gwaji mai suna DANAT, kuma UNESCO ta sa wuraren nutsonta cikin kayan tarihin duniya a 2012. Masu kiwo kuma na cewa kawa ce ta yi shi, sinadarin ɗaya ne, ginin ɗaya ne, har sai an sa na'urar hoton ƙashi kafin a raba su. A wajensu bambancin bai wuce na kifin kogi da kifin gona ba: tarwaɗar da aka kiwata a kududdufi ba ta zama roba ba. Suna ƙarawa da cewa kiwo ne ya ceci kawar daji. A Turai neman ƙwaya ɗaya ya sa an fasa dubbai, har kawar kogunan Sikotilan, mai rayuwa fiye da shekara 100, ta kusa ƙarewa, Birtaniya ta haramta kamun ta a 1998.

Ƙungiyar masu kayan ado ta duniya, CIBJO, ta bi tsakiya. A ƙa'idarta, in aka ambaci sunan shi kaɗai to wanda ya samu da kansa ake nufi. Na kiwo dole a ce na kiwo, na kwaikwayo a ce na kwaikwayo, in an rina a faɗa. Wannan ya yi daidai da abin da aka sani a fiƙihun ciniki, cewa ɓoye aibin kaya algus ne kuma mai saye na da damar mayarwa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta 2018 ita ma ta hana siffanta kaya da abin da ba shi ba ne. A aikace dai, cinikin da aka yi ta saƙon murya ba rasit, da wuya a kafa hujja a kansa.

Ya kamata a yi wa masu sayarwa adalci. Da yawansu ba da niyyar cuta suke ba. Abin da dillalin Guangzhou ta Sin ko na Deira ta Dubai ya faɗa musu shi suke maimaitawa, su ma ba wanda ya taɓa nuna musu bambancin.

Abin da hannu da haƙori za su iya ganowa

Raba na kawa da na kwaikwayo bai da wuya sosai. A goga ƙwaya a hankali a gefen haƙorin gaba: na kawa yana da ɗan gurzi-gurzi kamar yashi mai laushi, na gilashi ko roba santsi ne zalla. A goga ƙwaya biyu da juna: na kawa za su ɗan cije, har su bar farin gari kaɗan wanda in an share ba tabo. A duba bakin hudar da zare ya bi, nan fentin na kwaikwayo ke taruwa ko ya ɓare, nan kuma rini ke nuna kansa. Na kawa yana da sanyi in ya taɓa wuya kafin ya ɗau ɗumin jiki, yana kuma da ɗan nauyi, ko da yake na gilashi ma yana da su. Sannan a bi sarƙar ƙwaya-ƙwaya. In duk girmansu ɗaya, launinsu ɗaya, ba ko ɗigon tabo, kuma kuɗin bai taka kara ya karya ba, to daga injin suka fito.

Iyakar gwajin gida ke nan. Ba zai nuna ko na teku ne ko na tafki ba, balle ya raba na kiwo da wanda ya samu da kansa. Wannan sai ɗakin gwaji. Duk wanda ya ce nasa daga ƙasan teku aka tsinto shi ba kiwo ba, takardar ɗakin gwaji ce kaɗai shaidarsa. Masu gwadawa da ashana ko ruwan tsami kuwa ɓarna suke yi, don na gasken ma yana ƙonewa kuma tsami na cin sa.

Amsar tambayar Gwaggo

A ƙasar Hausa sarƙar mace asusu ce. Da kuɗin adashi ake sayen gwal, a sa a biki, in rashin lafiya ta zo ko kuɗin makaranta ko kujerar Makka, a kai wa mai gwal ya ɗora a sikeli. Za a cire ladan ƙira, amma sauran yana da farashin da duniya ta sani a ranar, kuma a 2024 da 2025 hawa ya yi ta yi. Ko sarƙar ta tsinke, ko yayinta ya wuce, narkarwa za a yi.

Lu'ulu'un ruwan daɗi ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba a narka shi. Ba shi da farashin giram da ake sanarwa kullum. Gonaki na fitar da sabo kowace shekara, galibi wanda ya fi na bara kyau, don haka ba mai neman tsoho. Yawancin kuɗin da aka biya a shago ladan zaɓe ne da huda da shiryawa da sufuri da ribar hannaye uku ko huɗu. Mai gwal a kasuwar Wunti ko babbar kasuwar Gombe, in aka kai masa irin wannan sarƙa, maɗaurin zai duba. In na gwal ne ya auna shi ya biya, ƙwayoyin ya miƙo wa mai su.

Wannan bai sa ya zama asarar kuɗi ba. A matsayin ado ya fi sarƙar fashin da ke koɗewa bayan biki uku, ba ya sa wa mai ƙyan jiki ƙaiƙayi kamar wasu ƙarafa, ba ya jan idon ɓarawo kamar gwal, kuma in an kula da shi uwa za ta bar wa 'yarta. Ga dangin ango da tsadar gwal ta fi ƙarfinsu, hanya ce ta sa abu mai mutunci a akwati. Rigima na tasowa ne in an lissafa shi a gurbin gwal, dangin amarya suna zaton an ba 'yarsu abin da za ta jingina da shi.

Ta fuskar zakka ma hukuncinsu ya bambanta. Imam Malik ya faɗa a Muwaɗɗa cewa babu zakka a lu'ulu'u da miski da ambar, kuma a kan haka mafi yawan malamai suke. Amma wadda ta saro shi don sayarwa, ya zama hajar kasuwanci, hukuncin haja ne ke kansa.

Humra, turaren wuta da hunturu

Inda aka fi yin asara a nan ba wajen saye ba ne, wajen ajiya ne. Kwalliyar macen Arewa ta gabas da ƙamshi take tafiya, shi kuwa wannan kaya ba ya shiri da turare. Mai da sinadaran da ke cikin humra da turaren fesawa suna dusar da sheƙinsa, hayaƙin kasko yana sa shi ja, mayukan ƙara hasken fata masu tsami suna cin shafen, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Gumin watan Afrilu ma yana da nasa. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce ya zama na ƙarshen sawa, na farkon cirewa: a gama turara jiki da kaya, mai ya bushe, sannan a ɗaura. In an dawo a share da ƙyalle mai laushi mai ɗan danshi.

Ƙurar hunturu tana ɗauke da yashin da ya fi shi tauri, don haka gogewa da busasshen tsumma karce ne. Akwai ɗan ruwa a cikin ƙwayar, in aka kulle ta a leda shekara da shekaru, ko aka bar ta a mota cikin rana, takan bushe ta tsattsage. A ba ta jakar ƙyalle tata ita kaɗai, kada a cakuɗa ta da awarwaro da zobba. Zaren ma abin dubawa ne. Sarƙar kirki da ƙulli tsakanin kowace ƙwaya ake shirya ta, don kada su riƙa gugar juna, in kuma ta tsinke a tsakiyar taro ƙwaya ɗaya ce za ta faɗi. Yawan jiƙa zaren wajen wanka ko alwala yana ruɓar da shi.

Za a iya kiwonsa a Dadin Kowa?

Taken jihar Bauchi a lambar mota yana kiranta lu'ulu'un yawon buɗe ido, amma Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ke kiwon lu'ulu'u don kasuwa. Duk da haka tambayar tana zuwa, musamman daga matasan da suka ga bidiyon fasa kawa a TikTok: ga madatsar Dadin Kowa a kan kogin Gongola, ga Balanga, ga Gubi, me zai hana?

Masu ganin zai yiwu suna nuna Indiya, inda cibiyar binciken kiwon ruwan daɗi da ke Bhubaneswar ta koya wa ƙananan manoma dashe a kawar ƙasarsu, suna haɗa shi da kiwon kifi a kududdufi ɗaya. Ruwanmu na da ɗumi duk shekara, kogunanmu na da nasu irin kawar, kuma kawa tace ruwa take yi in ba a cika mata taki ba.

Masu taka-tsantsan na da tasu hujjar. Ba kowace kawa ke ba da shafe mai kyau ba, sai an gwada namu an gani, kuma wannan aikin jami'a ne na shekaru kafin ya zama na manomi. Shigo da ta Sin kuma na da haɗari. 'Ya'yan kawa a jikin kifi suke maƙalewa su girma, ta haka wata kawar Sin ta bi kifin kiwo ta bazu a kogunan Turai tana danne na gida. Dashen kansa aikin hannu ne mai laushi, wanda ba a ƙware ba kawar mutuwa take yi ko ta tofar da abin da aka sa mata. Ga jarin da zai kwanta shekara biyu zuwa biyar ba a ga ko sisi ba, sannan a fito a yi gogayya da masu sayarwa a kilo. Gubi ce ke shayar da garin Bauchi, Dadin Kowa ke shayar da Gombe, kuma abin da taki ya yi wa tafkunan Sin shi ya sa hukumomin can suka kori masu kiwo daga cikinsu.

Ɓangaren da ya fi kusa da hannu shi ne shiryawa. Ana sayar da ƙwayoyin a huje, a zare mai tsawon kusan santimita 40, ba maɗauri. Matan da suka iya shirya murjani da tsakiya da jigida sun riga sun mallaki rabin sana'ar. Abin da ya rage su koya shi ne ƙullin tsakanin ƙwayoyi, da zaɓen waɗanda suka dace da juna, da rubuta wa mai saye a rasit cewa na kiwo ne, na ruwan daɗi, milimita kaza, an rina ko ba a rina ba.